Ƙwallon da Papi Ya Buga Tsakaninmu

Wata mai karatu ta tare ni a wajen sharhi na shafin nan nawa, wai, "Miledis, ke fa 'yar ɗan ƙwallo ce, me zai sa babanki ya hana ki auren ɗan ƙwallo?" 'Yar'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gyara zama in ba ki labarin Lahadin da ta wuce, ranar da Neftali ya zo gidanmu neman aurena. Har yanzu da nake wannan rubutun idona bai gama sacewa ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, mu a garinmu Consuelo abu biyu muka sani, rake da ƙwallo. In kuma aka ce ƙwallo, besbol ake nufi, kar wani ya kawo mana zancen ta ƙafa. Mahaifina Eladio, wanda duk gari ke kira Shaho, tsakiyar bayan fili ya tsare a zamaninsa, can nesa inda ƙwallo ke faɗowa daga sama in an ɗirka mata sanda. Tsofaffin da ke buga domino a ƙofar kantin unguwarmu har gobe suna rantsuwa cewa tun kafin sanda ta taɓa ƙwallo Shaho ya riga ya juya ya kama gudu. Ni dai na san suna ƙara gishiri, amma ban taɓa hana su ba.

Yana ɗan sha bakwai Amurkawa suka ɗauke shi. Ya yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyi, yau wannan gari gobe wancan a cikin bas, kaza da shinkafa kaɗai ya iya saya da Turanci, su ya yi ta ci har ya tsani kaza. Kakar wasa ɗaya tak ya taka babbar gasa, hotonta ne yake rataye a falonmu saman talabijin, Mami tana goge shi duk Asabar tana mita. Daga nan sai Meziko, sai Taiwan, duk inda aka yafito shi. Ranar da ya bi wata ƙwallo ya daki katanga da gwiwa, ranar wasa ya sallame shi.

Ni kuwa wannan Shahon ban san shi ba. Abin da na sani wani dogon mutum ne mai ƙamshin man zafi, ya zo a watan Oktoba da 'yar tsana mai jan gashi, ya ɓace a Fabrairu. Ranar da aka haife ni yana tsaye a fili a wani gari mai sanyi, sai bayan an tashi aka gaya masa. Duk Lahadi Mami takan yi min kitso ta ja ni kantin unguwa mu jira waya, don a lokacin mu ba mu da ita. In ta yi ƙara sai a ɗaga ni sama, Mami ta ce, "Nemi albarka." In ce, "Albarka, Papi." Wata murya can ciki ta ce, "Allah ya yi miki albarka, tsuntsuwata." Na daɗe ina zaton a cikin wayar yake zaune, har na taɓa leƙawa ta ƙasanta.

Da ya dawo gaba ɗaya, sai ya zama koci a filin da ke bayan masana'antar sukari, yana horar da masu tsaron baya. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, don haka ni ya zura wa safar fata a hannu. Kai, waɗannan safiyoyin! Raɓa tana jiƙa min ƙafa, ƙamshin ruwan rake da ake dafawa ya cika gari, Papi da siririyar sandarsa yana cilla ƙwallo sama har ta koma kamar ƙwayar gero, yana ihu, "Baya, tsuntsuwa, baya!" In na kama ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In na zubar ya ce halin dangin Mami ne. A hanyar gida ya saya min wainar fulawa mai zafi, ya share min gumi da hularsa. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to ni dai ina tunawa, kuma ina kewar kwanakin nan sosai.

A wannan filin na fara ganin Neftali. Shi ma Amurka ta ɗauke shi ta sako shi, ya dawo gida da safarsa da kunyarsa, Papi ya karɓe shi ya shiga gyara masa gudu da jifa. Ni ke kai wa Papi kofi, kun dai san sauran. Ranar da labarin ya je kunnen Papi bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa kawai ya yi, "Kawo min duk wanda kike so, ko ɗan acaɓa ne. Ban da ɗan ƙwallo." Mami kuwa abin nema ya samu, don da ma tana da nata ɗan takarar, wani likitan haƙori mai suna Radames.

"Mota mai sanyi," ta kan ce, "kuma kullum a gida zai kwana."

"Mami, duk hirarsa a kan dasashi ne."

"Ai gara mai zancen dasashi yana gabanki da mai daɗin baki ta waya."

Ranar Asabar da yamma ina wajen gyaran gashi, kaina cike da rola na naɗe gashi, saƙon Neftali ya shigo.

"Gobe ina zuwa wajen Koci. Na yanke shawara."

"Wace shawara kuma? Kar ka ja min."

"Na bar ƙwallo. Kawuna zai sa ni a shagonsa na siminti da fenti. In ba ni da safa ai ba shi da hujja."

"Da gaske kake?"

"Ke na fi so."

Masu karatu, ba zan yi muku ƙarya ba, na yi murna har mai gyaran gashi ta ce in daina motsi. Amma can ƙasan murnar wani abu ya tsaya min, na rasa sunansa.

Lahadi bayan mun dawo daga majami'a na sa doguwar rigata ruwan ƙwai mai ɗamara, da ɗankunnen kakata. Mami tana kicin tana ta ƙorafin ita ba ta ga dalilin wahala a kan yaron da ba za a ba shi ba, amma shinkafa da wake da kaza ta dafa, ta soya filanten, ayabar nan ta suya, ta kuma ciro farantan nan masu bakin zinare da ba a taɓa su sai Kirsimeti. Papi yana baranda a kujerarsa ta lilo, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo a kan benci.

Neftali ya iso da farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana tsayuwa da kanta, da kek a kwali. Takalmin ƙafarsa na aro ne, daga tafiyarsa na gane.

"Barka da rana, Koci. Albarka, Doña Dilsiya," ya ce yana gaida Papi da Mami.

"Allah ya yi maka," in ji Mami. Ta dube shi sama da ƙasa. "Wa ya mutu?"

"Mami!"

"To na ga ya yi shigar jana'iza ne. Shigo ka ci abinci, ka rame kamar sandar Eladio."

Aka ci abinci. Da aka koma baranda aka kawo kofi, Neftali ya ajiye kofinsa, ya miƙe tsaye.

"Koci, na zo ne a kan Miledis. Ina sonta, aure nake nufi. Na san abin da ka faɗa a kan 'yan ƙwallo, shi ya sa na zo in gaya maka da bakina, na bari. Wata mai zuwa zan fara aiki a shagon kawuna."

Kujerar Papi ta daina lilo.

"Ka bar me?"

"Ƙwallo, Koci."

"Waɗannan ƙafafun za ka kai shagon siminti? Ƙafafun da na ɓata shekara biyu ina gyarawa? Kai, kana da hankali kuwa?"

Mami ta tafa hannu. "To Eladio, wai me kake so ne? Yana yi ka ce a'a, ya bari ka ce ba shi da hankali. Sai ya rabe gida biyu?"

Papi bai kula ta ba. Ya tashi da ƙyar ya shiga ɗaki, ya fito da siririyar sandarsa da bokitin ƙwallaye da safa guda biyu. Ya wurga wa Neftali ɗaya. Ɗayar, tsohuwata da ta yi baƙi don mai, ya ɗora min a cinya.

"Ku taso. Har ke."

"Papi, da wannan rigar?"

"Rigar ce za ta kama?"

Haka muka ratsa unguwa da tsakar rana, Papi a gaba yana ɗingishi, mu a baya kamar waɗanda aka kama da satar mangwaro, Mami can ƙarshe da lema tana cewa duk gidanmu mahaukata ne. 'Yan domino suka bi mu da ido. Wani ya ɗaga murya, "Shaho, yau suruki za a gwada?" Papi ya ce masa ya kula da wasansa, tun ɗazu ake cinye shi.

A fili ba kowa sai awaki biyu. Na cire takalmi, Neftali ma ya cire nasa da alamar godiya. Papi ya nuna min tsakiya, wajensa na da, ya tura Neftali hagu. Ya fara bugo mana ɗai-ɗai, tawa daban, tasa daban. Ta farko ta kusa fasa min goshi, amma daga ta uku jikina ya tuna. Ciyawa a tafin ƙafata, ƙarar sandar nan, muryar Papi daga nesa, sai na ji kamar ban taɓa girma ba. Har dariya na kama yi ni kaɗai.

Sai ya tsaya ya daɗe yana kallonmu. Ya cilla wata ya ɗirka mata sanda da dukkan ƙarfinsa, ta tafi sama sosai, ta nufo daidai tsakanina da Neftali.

A bayan fili doka ɗaya ce kowa ya sani. In ƙwallo ta faɗo tsakanin mutum biyu, wanda ya fara kira ita ce tasa, ɗayan ya kauce, in ba haka ba a yi karo a kwashi mutane a makara. Sai dai yaro mai son ya burge koci ba ya jin kira, gabanka zai sha ya ɗauke. Ina gudu ina cewa a raina, Miledis, yi shiru ki bar masa, yau ranarsa ce. Amma bakin da Papi ya horar tun ina ƙarama bai nemi shawarata ba.

"Tawa ce! Tawa ce!"

Na tsaya a ƙarƙashinta, na ɗaga safa, sai rana ta cika min ido. Na ji ta daki bakin safar ta wuce ta kaina. Wayyo kunya! Na juya da niyyar bin ta, sai na ga Neftali a bayana, 'yan taku kaɗan, ya durƙusa ya tare ta a tsallenta na farko, ya miƙe ya jefa wa Papi ita a miƙe kamar an ja zare. Ban ma san lokacin da ya zagayo ba.

Papi ya yafito mu. Muka iso muna haki, rigata duk ƙaiƙayin ciyawa.

"Kai. Ka fi ta gudu, ka riga ta ganin inda za ta sauka. Me ya hana ka kamawa?"

"Ta kira, Koci."

"To me ka je yi bayanta?"

Neftali ya yi sororo, kamar an tambaye shi sunansa. "Ai haka ka koya mana. Wanda bai kira ba ya zagaya baya, ko da za ta kuɓuce."

"Kowa na koya wa," in ji Papi. "Sai dai ba mai yi, don ba a tafa wa na baya." Ya dogara da sandar, ya juya wajen Mami da ke tsaye ƙarƙashin lemarta. "Ni ma a fili kawai na iya shi. Dilsiya ta yi ta kira ita kaɗai, haihuwa, zazzaɓi, rufin ɗaki da iska ta yaye, ba wanda ya taɓa zagayawa bayanta."

"Kar ka fara min wa'azi a cikin rana," in ji Mami. Amma ta karkato lemar ta rufe fuskarta.

Papi ya dubi Neftali. "Ka turo mahaifiyarka ranar da ta shirya."

Jama'a, na yi tsalle! Na rungume Papi har ya ce in yi hankali da gwiwarsa. Neftali ya kama hannunsa da hannu biyu yana ta godiya, maganar ma ta ƙi fita daidai. A raina na ce shi ke nan, Dokta Radames sai ya nemi wata ya yi wa bayanin dasashi.

Amma Papi bai yi dariya ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wayarsa.

"Ban gama ba. Akwai wani tsohon abokin wasana da ke nema wa wata ƙungiya a Japan 'yan wasa. Ya kira ni cikin makon nan, mai tsaron baya suke so, wanda na yarda da shi. Gobe yake son suna. Tafiya farkon Fabrairu, dawowa sai Oktoba, in sun ji daɗinsa su riƙe shi shekaru." Ya ja numfashi. "Yara biyu gare ni da suka isa. Ɗayan bai kai ka ba, kai ma ka sani. Na ɗauki wayar nan ban san sau nawa ba in rubuta sunansa, don 'yata ta huta. Hannuna ya ƙi."

Neftali ya dubi wayar, ya dube ni.

"Koci, ai na riga na ce na bari," in ji Neftali. "Maganata ɗaya ce."

Bakinsa ne ya faɗa. Amma ina kallon hannunsa na dama, ya dunƙule yana dukan cikin safar a hankali, shi bai ma san yana yi ba. Idonsa kuwa ya yi wani haske da ban taɓa gani ba tun da na san shi, ko ranar da na fara ce masa ina sonsa bai yi irinsa ba. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Kishi na ji, kishin ƙwallo, abin da ko suna ba shi da shi a gaban alƙali.

Papi ya miƙo min wayar, ya riga ya buɗe wajen saƙo.

"Ni na yanke wa uwarki shawarar tafiyata ban tambaye ta ba. Ke ba za a yi miki haka ba. Aure dai na ba shi, ko ya tafi ko ya zauna. Rubuta sunan da kike so."

"Papi, don Allah kar ka ɗora min."

"Ba wanda zai ɗauka sai ke, tsuntsuwa. Ke za ki zauna da abin."

"Miledis, ba shi wayarsa," in ji Neftali. "Siminti ma sana'a ce."

Na juya wajen Mami. Matar da ta shekara tana yi min tallan likitan haƙori, na tabbata za ta ce in rubuta sunan ɗayan yaron mu wuce gida.

"Kar ki kalle ni," ta ce. "In kin hana shi zai zauna, yaron kirki ne. Zai yi ta auna ƙusa yana kawo miki cefane, ba zai taɓa yi miki gori ba. Amma duk ranar da aka kunna wasa a rediyo zai yi shiru, ke kuma kin san dalili. In kin bar shi, ke za ki yi shirun. Zaɓi wanda za ki iya."

"Ke wanne ya fi miki sauƙi, Mami?"

"Wa ya ce miki akwai mai sauƙi?"

Gaba kura, baya sayaki. Na dubi wayar, hawaye ya sa haruffan suna rawa. Na tuna yadda na yi murna a wajen gyaran gashi, na kuma gane abin nan da ya tsaya min a ƙasan murnar. Mutumin da na so a guje na fara ganinsa, hula ta faɗi, yana bin ƙwallo kamar ransa ne a ciki. Ban san wancan mai tsayuwa a shagon siminti ba, kuma ina tsoron kar in wayi gari in ga ni na ƙera shi da hannuna.

Na goge ido da bayan safa. Na rubuta: Neftali. Na tura kafin zuciyata ta canja.

Neftali ya durƙushe a ciyawa ya rufe fuska da safarsa, kafaɗunsa suna rawa. Papi ya karɓi wayarsa ya juya mana baya, wai yana tattara ƙwallaye, alhali duk suna cikin bokiti. Ni kuwa ga mijin na samu, ga shi na sallame shi da yatsana tun ba a ɗaura ba.

Mami ce ta matso ta sa ni ƙarƙashin lemarta. Ta kakkaɓe min ciyawar riga, ta gyara min ɗamara kamar ina ƙarama, ta kama hannuna muka nufi gida.

"Share fuskarki, 'yan domino na kallo," ta ce. "In mun je ki hau kujera ki sauko min da babban akwatin da ke saman kwaba. Haɗa wa mai tafiya kaya ba a yin sa da ka, kuma ba a yin kuka a kan rigunan, wari suke yi kafin ya isa. Zan nuna miki."